Yadda Aka Shata Iyaka Tsakanin Nijeriya Da Nijar

Yau za mu yi magana a kan iyakar da ke arewa da mu, wadda ta raba Nijeriya da Nijar. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, tun daga wajen Kamba a yamma har Tafkin Chadi a gabas. Jihohi bakwai na Nijeriya suna jingine da ita, watau Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. Da yawa daga cikinmu suna da dangi a ƙetarenta, wani kawu, wani suruki, wani kuwa abokin ciniki. Saboda haka ya kamata mu san wanda ya shata ta, da dalilin da ya sa ta bi ta inda ta bi.

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ba ta ƙarƙashin sarki ɗaya. Kada wani ya gaya muku haka. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka fara a 1804, Kano da Katsina da Zazzau da Daura suka shiga ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Sakkwato. Sarakunan Katsina na dā, da aka kore su, suka yi arewa suka zauna a Maraɗi. Har yanzu Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su. Damagaram tana can gabas da nata sarki, ba ta bin Sakkwato. An sha yaƙi tsakanin waɗannan ƙasashe, an kai hari, an kama bayi. Amma duk da haka fatake suna wucewa da jakuna da raƙuma, suna biyan fito, almajirai suna tafiya neman karatu, ana kuwa auratayya. Wanda fari ya kora yakan ɗauki iyalinsa ya yi kudu, ba mai tambayarsa takarda.

A ƙarshen shekarar 1884 manyan ƙasashen Turai suka taru a Barlin, babban birnin Jamus, suka yi shawara har farkon 1885 a kan yadda kowa zai kama rabonsa a Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Ba a kira sarkin Afirka ko ɗaya wurin taron nan ba. Mu a nan, Ingila da Faransa ne suka yi takara a kanmu. Ingilishi suna tahowa daga kudu ta kogin Kwara, Faransawa kuwa daga yamma, suna so su kai Tafkin Chadi.

A 1890 suka yi sharaɗi na farko. Suka ja layi a kan taswira daga garin Sayi, a bakin Kwara, zuwa Baruwa, a bakin Chadi. Arewa da layin na Faransa, kudu da shi na Ingila, aka kuma ce duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato na Ingila ne. Waɗanda suka sa hannu a takardar nan suna zaune a Turai, ba su taɓa taka ƙasar da suke rabawa ba. Ba su san inda ikon Sakkwato ya tsaya ba, don haka gardama ba ta ƙare ba. A 1898 suka sāke zama. A wannan karo suka auna mil 100 daga birnin Sakkwato, suka zana baka a arewa da shi, kamar yadda yaro kan ɗaura igiya a turke ya zagaya. Abin da ke cikin bakan na Ingila ne.

Sa'an nan sai bindiga ta biyo bayan takarda. A 1899 wata rundunar Faransa, ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa. Ta ƙone garuruwa, ta kashe mutane ba iyaka. Sarauniya Mangu ta yi yaƙi da su a Lugu. A Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ɓarnarsu ya kai Faransa, aka aiko Kanar Klobb ya tsai da su, sai Voulet ya sa aka harbe shi. Kwanaki kaɗan bayan wannan sojojinsu da kansu suka kashe su duka biyu. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a cikin shekarar nan. A kudu kuwa Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900. Aka ci Kano a watan Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka tarar da shi a Burmi, ya rasu a wurin yaƙi a watan Yuli.

To, ga inda maganar ta fi daɗin ji. Da Faransawa suka zo bin rabonsu, daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar bakan nan na mil 100 ya tura su cikin jeji, inda rijiyoyi suka yi nisa da juna. Ayarinsu ba ya iya wucewa sai ya ratsa ta ƙasar Ingilishi ya sha ruwa. Suka nemi a matso da iyaka kudu. Ingila ta yarda a 1904, amma ba kyauta ba. Faransa tana da wani tsohon izini na kamun kifi a gaɓar wani tsibiri da ake kira Newfoundland, can kusa da Kanada. Ta bar wannan izini, aka ba ta waɗansu wurare a Afirka ta Yamma, har da wannan gyaran iyaka. Aka ƙara daidaita shi a 1906. Ta haka Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa. Ku duba fa, mutumin Maraɗi ya tashi ɗansa yana koyon Faransanci, na Jibiya kuwa nasa yana koyon Ingilishi, sanadin rijiya da kifin wani teku da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu. Daga 1906 zuwa 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi layin a ƙasa suna kafa alamu. Wani wuri layin ya bi tsohuwar iyakar sarakuna, wani wuri ya ratsa tsakanin gari da gonakinsa.

Mulkin bangarorin biyu bai zama ɗaya ba. Ingilishi sun bar sarakuna a kan gadonsu, da alƙalai da baitulmali, Razdan da Di'o suna ba da umurni ta bayan fage. Faransawa sun rage ikon sarakuna ƙwarai, kwamanda shi ne wuƙa da nama. Ko'ina an biya haraji, ko'ina an yi aikin tilas, amma na Faransa ya fi tsanani, ba a kuwa soke shi ba sai a 1946. Saboda haka mutane da yawa suka riƙa ƙetarowa kudu in abin ya yi zafi. Har kuɗi ya bambanta. Mu muka saba da sule da fam, daga baya naira. Su kuwa da dala suke lissafi, dala ɗaya tamma biyar, jaka ɗaya tamma dubu.

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ya zama shugaba. Nijeriya ta samu ran 1 ga Oktoba na shekarar, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Wani zai ce, tun da Turawa sun tafi, me ya hana a share layin? Shugabannin Afirka sun yi wannan shawara a Alƙahira a 1964, suka ƙulla cewa kowace ƙasa ta tsaya a iyakar da ta gada. Dalilinsu shi ne, in aka ce za a sāke rabo bisa ga ƙabila, kusan kowace ƙasa za ta yi rigima da maƙwabciyarta. A ganinmu sun yi hankali. Abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa ƙetarewa. Don haka aka kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Ikko a 1975, wadda muke kira ECOWAS, mutanen Nijar kuwa CEDEAO. A 1979 ta yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba sai da biza ba.

Amma ƙofar da ake buɗewa ana iya rufe ta, an kuwa rufe har sau uku da za mu ambata. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya zo daidai da fari, hatsin kudu ya kasa shiga, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar sunan El Buhari. An sāke rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka ce don a hana fasa-ƙwaurin shinkafa.

Na uku shi ne na 2023. Ran 26 ga Yuli sojoji suka tuɓe Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. ECOWAS ta rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har aka yi maganar tura soja. Motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya, albasa tana ruɓewa a cikinsu. Kasuwar dabbobi ta Maigatari ta yi sanyi. Magani da abinci suka yi tsada a Nijar. Sojan da ya yi juyin mulki bai rasa tuwon dare ba, mai ɗan tebur da direba da ɗan dako su ne suka ji a jikinsu. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar suka tafi Yamai neman sulhu, malamai ma suka bi baya. Ba a yi yaƙin ba. ECOWAS ta janye takunkumi a watan Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris.

Amma ran Nijar ya riga ya ɓaci. Ta sallami sojojin Faransa, na ƙarshensu suka fita a watan Disamba 2023. Ita da Mali da Burkina Faso suka kafa tasu ƙungiya ta ƙasashen Sahel, suka fita daga ECOWAS, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A ranar nan ECOWAS ta ba da sanarwa cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su shiga su fita kamar dā, har sai an sāke shawara. A cikin shekarar 2025 kuma Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aikin ofis. Akwai kuma hanyar jirgin ƙasa da aka aza harsashinta a 2021, wadda aka tsara za ta tashi daga Kano, ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ta ƙetare layin 1906 ta tsaya a Maraɗi.