Baƙin Fuska Na Mata: A Yi Hattara Da Man Shafawa

Wata malamar asibiti ta yi wa matan azuzuwan yaƙi da jahilci jawabi a Dutsin-Ma, ta kuma maimaita shi a Kurfi. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan sallama, malamar ta ce akwai wani baƙi-baƙi da kan kwanta wa mace a kumatu biyu da goshi da karan hanci, wani lokaci har saman leɓe. Likitoci suna kiransa melasma. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Ba ƙyasfi ba ne, ba makero ba ne, balle a ce sammu ne ko aikin kishiya. Abubuwan da suka fi tayar da shi su ne goyon ciki, da ƙwayoyin tazarar haihuwa, da gado, sai kuma babbansu, wato rana. Shi ya sa ya fi nunawa ga matan da ke yini a gona, ko a lambunan noman rani na Zobe, ko masu tallar nono ranar kasuwa. Na goyon ciki sau da yawa yakan dushe da kansa 'yan watanni bayan haihuwa.

Ta ce magani akwai shi, kuma a nan ne ake samun ruɗani, domin maganin da likita ke bayarwa shi ne dai ake zubawa cikin man bilicin. Sunansa hydroquinone. Aikinsa rage launin da fata ke yi. A 1975 wasu likitoci biyu a Amurka, Kligman da Willis, suka haɗa shi da wasu magunguna biyu, kuma har yau ana amfani da irin wannan haɗi. Amma likita yana bayar da shi da ƙa'ida. Ƙarfinsa kashi 2 ne zuwa 4 cikin 100. A kan tabon kaɗai ake shafa shi, ɗan kaɗan, da dare. In an yi wata uku ko huɗu sai a dakata a koma a nuna wa likita. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ba a son su taɓa shi.

To, wadda ta sayi nata a kemis ko a tebur ba ta san wannan ba. Sai ta lafta wa fuska duka, safe da yamma, ta shiga rana, ta shekara biyu tana yi. Da farko fuska za ta yi fes, har a fara yi mata barka. Daga baya sai wani baƙi ya taso, mai duhu kamar shuni, da ƙananan ƙuraje, wanda ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Wannan kuwa da wuya ya goge. A shekarar nan dai ta 1975 likitocin Afirka ta Kudu suka ba da rahoton wannan cuta a fuskokin matan da suka daɗe suna shafa man, kuma a 1990 ƙasar ta hana sa shi cikin kayan kwalliya.

Malamar ta daɗe a kan abu na biyu, wato man da ke ɗauke da clobetasol ko betamethasone. Magungunan ciwon fata ne masu ƙarfi, na 'yan makonni, amma an mai da su man kwalliya saboda suna saurin haska fata. Suna sa fata ta yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsaga jiki. In an daɗe ana shafa wa jiki duka suna shiga jini, su jawo hawan jini da ciwon suga. Ta ce abin da ya fi damun ma'aikatan asibiti shi ne ranar da haihuwa ta zo da gardama aka yi wa mace aiki, fatar ta ƙi riƙe ɗinki, ciwon ya ƙi warkewa da wuri.

Na uku shi ne zaiba, wadda ake rubutawa mercury. Tana lalata ƙoda, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi taro da 'yan jarida a Kano, ta bayyana cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya.

Daga nan ta rubuta kalmomin nan huɗu a allo, ta sa kowa ta kwafa a littafinta. Ta ce mace mai karatu tana iya juya kwali ta duba, in ta ga ɗaya daga cikinsu ta ajiye. Haɗin da ake durawa a robar da ba rubutu kuwa, ko mai haɗawar ba ta san yawan abin da ta zuba ba.

A Kurfi wata dattijuwa ta ce, "Malama, 'yata ta shekara tana shafawa, yanzu in ta bari kwana biyu sai fuskar ta yi ja tana zafi. Yaya za a yi?"

Malamar ta ce, "Inna, alama ce man yana da maganin nan mai ƙarfi, fatar ta saba da shi. Kada ta yanke lokaci ɗaya. Ta zo asibiti da kwalin a hannunta, a nuna mata yadda za ta riƙa ragewa."

Game da rana, ta ce hijabi da mayafi ba su rufe kumatu, kuma duk maganin da aka shafa, in rana na dukan wurin baƙin zai dawo. Akwai man kare rana, amma yana da tsada. Malafa mai faɗi ko laima sun fi sauƙin samu, kuma kada mace ta ji kunyar sa malafa a gona. Wadda ta ga baƙin ya fito bayan ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, kada ta daina da kanta, ta koma wurin ungozoma a duba ko za a canza mata wata hanya. Wadda nata ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta fara da asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, in ya fi ƙarfinsu za su ba ta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.