Jawabin Buɗe Ɗakin Gwajin Sinadarai



Ku dubi ruwan da aka ajiye muku a kan tebur. Ga shi kwance luf, amma babu ɗigo ɗaya a cikinsa da ke zaune lafiya. A kowane molekul, ɗaurin da ke riƙe haidirojin da oksijin yana miƙewa yana dawowa wajen sau tiriliyan 100 a daƙiƙa guda. Kowane irin ɗauri da tasa muryar, kamar tsirkiyar molo, kuma na'urorin da muka taru mu ƙaddamar yau aikinsu ke nan, su saurara su gaya mana wane ne ke magana.

Sinadari ba ya rikiɗa sai wani ɗauri ya tsinke, wani ya ƙullu, kuma wannan kaɗawar ce ke kai shi gaɓar tsinkewa. Wuta ba ta zaɓe, girgiza kowa take yi. Amma a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Fleming Crim da ɗalibansa sun ɗauki ruwan da aka musanya wa haidirojin ɗaya da mai nauyi, wato diyuteriyam, suka haska leza ta kaɗa ɗaurin da suke so. Da wata zarrar haidirojin ta afka wa molekul ɗin, wanda aka kaɗa ɗin ne ya fi tsinkewa. A ganina, samun zaɓi irin wannan ya fi ƙara itace a murhu nesa ba kusa ba. Marigayi Ahmed Zewail, mutumin Masar, shi kuwa kallon tsinkewar ya yi tana faruwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1999.

Kada wani ya ce abin na ƙasashen waje ne. Binciken da C. V. Raman ya yi a Kalkata a 1928 shi ya haifi 'yar na'urar hannu da hukumar NAFDAC ta yi amfani da ita wajen gano jabun magunguna.

Roƙona ga Shugaban Jami'a, ranka ya daɗe, shi ne tsayayyar wutar lantarki da kuɗin gyara, don waɗannan kaya ba sa shiri da ƙurar hunturu. Ku kuma ɗalibai, a bar ku ku taɓa su da hannunku.

Da sunan Allah, na buɗe wannan ɗaki. Allah ya sa albarka.