Jawabi Kan 'Ya'yanmu Masu Son Aikin Agajin Gaggawa

Iyayenmu, malamai da 'yan'uwa mazauna Trans-Amadi.

Wasunmu na faɗa wai yaro ya bar shago ya tafi koyon aikin agajin gaggawa, alhali albashin bai taka kara ya karya ba. To jama'a, ba kuɗi suka bi ba. Yaran nan sun taso suna ganin mota ta kaɗe ɗan'uwanmu a titin Aba, jini na zuba, mu kuwa sai salati. A kai shi asibiti, ba ya jin Turanci, babu tafinta. Tun 2017 doka ta ce a karɓi mai raunin harsashi ba sai da takardar 'yan sanda ba. Mu nawa muka sani?

Don haka muna roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin karatun yara biyu bana, mace da namiji.