Michael Imoudu da haƙƙin masu ɗaukar kayanmu



An ba ni 'yan mintoci, kuma zan yi su ne a kan wani mutum da bai taɓa buɗe shago ba, amma ya nuna wa 'yan kasuwa inda jarinsu ya dogara. Sunansa Michael Imoudu, jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa a Nijeriya.

An haife shi a 1902 a yankin da yau yake cikin jihar Edo. Ya shiga aikin reluwe a Legas yana ƙaramin ma'aikaci, har ya kai ga shugabancin ƙungiyar ma'aikatan. Tun 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma ta kansa gyaɗa da auduga da fatu suke gangarawa bakin teku. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kaya suka yi tsada, albashi bai motsa ba. Imoudu ya tsaya kai da fata sai an biya ma'aikata kuɗin tsadar rayuwa. Turawan mulki suka tsare shi a 1943, ba su sake shi ba sai 1945.

A watan Yunin shekarar aka shiga yajin aiki na gama-gari, wanda ya wuce kwana 40. Jirage suka tsaya, kaya suka jibge a tashoshi. Daga baya gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka ƙara kuɗin. Ya sake shiga gaba a yajin aikin 1964. Mutanen Kano sun san shi a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, inda bayan rabuwar 1980 ya jagoranci ɓangaren Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Ya rasu a 2005 yana da shekara fiye da 100, kuma cibiyar nazarin ƙwadago ta Ilori tana ɗauke da sunansa.

To, Alhaji, mene ne namu a ciki? Mu nan Tamanrasset ba mu da jirgin ƙasa. Layin dogonmu shi ne direba da yaron mota da ɗan dako. Dabino da gishiri da taliyar da muke turawa kudu, da dabbobin da ke zuwa mana, duk a hannunsu suke ratsa In Gezam, Asamaka, Arlit da Agadas kafin su ga Maraɗi ko Kano. Mota ta lalace cikin rairayi, shi ke kwana da ƙishirwa. An riƙe kaya a duwan mako guda, shi ke ci daga aljihunsa. Ya iso kuma mu ce ya jira sai kaya sun shiga.

Shawarata uku ce. A rubuta kuɗin ɗauka a takarda kafin mota ta tashi. A yanka wa direba da yaransa kuɗin kwanakin jira a iyaka. A buɗe asusu don iyalan wanda hatsari ya rutsa da shi a kan kayanmu. Ina roƙon shugabanni su gayyaci wakilan direbobi zamanmu na gaba, mu daidaita tun ba su kashe mota sun zauna ba.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa.