Inda Malami Zai Nemi Tarihin Yaƙe-yaƙen Ƙasar Rima

  

An umarce ni da in yi bayani a kan inda malami zai nemo sahihin labarin yaƙe-yaƙen da aka yi a wannan ƙasa tamu. Dalilin a fili yake. An maido da darasin tarihi a makarantun firamare bayan shekarun da ya yi a ajiye, amma littattafan da ke zo mana kan taƙaita jihadi gaba ɗaya cikin shafi ɗaya ko biyu. Yaron da ke wucewa ta hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno kullum safiya ya cancanci fiye da haka. Majiyoyin suna nan da yawa, sai dai kowace da gefen da take tsaye, don haka malami ba ya dogara da guda ɗaya.

Majiya ta farko ita ce rubutun waɗanda suka yi yaƙin da kansu. A 1812 Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, a 1813 kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara Tazyinul Waraƙati. A cikinsu ne za a sami labarin Tabkin Kwatto na 1804, da Alwasa na 1805, da faɗuwar Alkalawa a 1808. Abin lura shi ne ba su ɓoye ranakun da jama'a ta ji jiki ba, kamar Tsuntsuwa da Alwasa, kuma wannan yana ƙara wa shaidarsu nauyi. Bayansu akwai rubuce-rubucen Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, da waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta yi waƙa a kan nasarar Gawakuke ta 1836, shekara guda kafin Bello ya rasu a Wurno. Wanda ba ya karanta Larabci ya fara da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, domin da Hausa yake, kuma Infaƙul Maisuri ma an fassara shi.

Daga waɗannan littattafai ne za mu gane ma'anar garuruwanmu. Bello ya kafa ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka wanda mazaunansa manoma ne kuma masu tsaro, domin tare hare-haren da ke fitowa daga gabas da arewa. Wurno ita ce babba a cikinsu, kuma Shinaka da Gandi da Raɓa suna cikin wannan jerin. Idan yaro ya fahimci haka, taswirar ƙananan hukumominmu uku za ta zame masa darasi.

To amma waɗannan marubuta su ne suka yi rinjaye. A Gawakuke an kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, kuma zuriyar mutanensu suna da nasu labarin a Tibiri da Maraɗi da Sabon Birni. A ajinmu na Goronyo akwai Bagobiri da Bafillace da Ba'adare da Bazamfare a kan benci ɗaya. Malamin da ya koyar da labarin kamar kakannin wani yaro ba su da suna sai “abokan gaba” ya shuka abin da ba zai so girbinsa ba. Wajibi ne mu nemi bakin ɗaya ɓangaren, mu faɗa wa yara cewa ga yadda waɗannan suka ce, ga kuma yadda waɗancan suka ce.

Majiya ta biyu ita ce matafiyan Turai. Kilafatan, ɗan Birtaniya, ya zo Sakkwato a 1824, ya komo a 1826, ya ga yadda rundunar Bello ta kewaye garin Konya, ya kuma bayyana dawaki masu lifidi da ƙarancin bindigogi a wancan zamani. Bajamushe Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zauna a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta yadda barazanar Gobirawa take kusa da garin, har ya ƙiyasta yawan dawakin yaƙi na masarautu. Amfaninsu shi ne sukan rubuta abin da ɗan gari ba zai damu da rubutawa ba saboda ya saba ganinsa. Rauninsu kuwa baƙi ne, kuma ido ba mudu ba ne; adadin da suka bayar ƙiyasi ne, sai a karɓe shi a matsayin ƙiyasi.

Majiya ta uku ita ce takardun zuwan Turawa, kuma a nan ne batun leƙen asiri ya fi fitowa. Kafin su harba harsashi ɗaya, Turawa sun daɗe suna tara bayani a kan hanyoyi da rijiyoyi da ƙarfin sarakuna ta hannun fatake da jakadu. Rahotannin Adamu Jakada na tsakanin 1899 da 1901 sun tsira, har masana sun buga su. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Waziri Buhari, wani jami'i mai suna Backwell ya fassara su, aka buga a 1927. Su ne ke nuna yadda sarakunan iyaka suke sanar da Sakkwato motsin Nasara. Rahoton Gwamna Lugga kuwa an rubuta shi ne domin gamsar da Landan cewa yaƙin ya zama dole. Don haka a karanta shi tare da wasiƙar da Waziri Buhari ya rubuta wa malamai, inda ya bayyana dalilin da ya sa shi da jama'ar da suka taru a Marnona, nan ƙasar Wurno, suka komo Sakkwato. Haka nan za a bi da labarin Satiru na 1906.

Ina ake samun waɗannan? Mafi kusa da mu shi ne Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, sai laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sashenta na tarihi. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke, da kuma Gidan Arewa. Daga cikin masana, Murray Last ya yi aiki da littattafan gidan Waziri ya fitar da littafinsa a 1967, Adeleye ya yi nasa a 1971 kan hulɗar daular da Turawa, Smaldone kuma a 1977 ya keɓe littafi guda ga makamai da tsarin runduna.

Majiya ta huɗu tana ƙofar gidanmu: kufan ganuwa, da sunayen unguwanni, da kirarin sarauta, da dattawan da suka ji daga kakanninsu. Wannan ita ce mai saurin ɓacewa, domin ruwan sama yana cin ganuwa, gara tana cin takarda, dattawa kuma suna tafiya.

Kowace majiya ta zo hannunmu, mu yi mata tambaya uku. Wa ya faɗa? Ya gani ne ko ya ji? Me yake so mai saurare ya yarda da shi? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi a kan Gawakuke zai yi su a kan muryar da aka turo wa mahaifinsa ta WhatsApp cewa an kawo hari ƙauye kaza. A halin da yankinmu ke ciki, jita-jita ma tana tayar da gari.

Sai gargaɗi, kuma ina roƙon a riƙe shi da kyau. Bincikenmu ya tsaya ga abin da ya shige. Kada malami ya aiki ɗalibi ya tambayo inda jami'an tsaro suke ko hanyar da 'yan bindiga ke bi, kada kuma a kai yara kufai a wurin da babu aminci. Ran yaro ya fi kowane darasi.

Shawarata ga reshe ita ce a tura malamai biyu ko uku Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a hutun zango mai zuwa, kowace makaranta kuma ta rubuta hira da dattijo ɗaya tare da sunansa da ranar hirar, da izininsa, a tara a ofishin reshe. Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya dawo mana da zaman lafiya.