Fim na Ban Tsoro a Hannun Ɗalibai: Inda Ake Bin Ƙa'ida da Inda Ake Karya Ta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai





Kamar yadda kuka sani, ƙannenmu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wannan makaranta sun kawo mana takarda suna neman gudummawa, domin su shirya ɗan gajeren fim. Da aka ji cewa fim ɗin na ban tsoro ne, sai wasu daga cikinmu suka ja baya, suna cewa me ya haɗa makaranta da fatalwa da zubar da jini. Wannan damuwa tana da tushe. Shi ya sa shugabanni suka ɗora mini nauyin in yi bayani kafin mu yanke shawara. Abin da zan faɗa guda ɗaya ne: irin wannan fim yana da ƙa'idojinsa, kuma ɗalibin da ya san su, ya san dalilinsu, shi ne zai iya karya wata daga ciki ya fito da abin kirki.

To, mene ne waɗannan ƙa'idoji? Ba wata hukuma ce ta rubuta su ba. Al'adu ne da masu shirya fim suka yi ta maimaitawa har masu kallo suka saba da su. Na farko, a keɓe mutane a wurin da ba mai kawo musu ɗauki, kamar kangon gida ko ƙungurmin daji. Na biyu, a yi musu gargaɗi su ƙi ji. Na uku, su rarrabu, a riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu, a bar mutum guda, galibi yarinya mai natsuwa, ta fuskanci abin tsoron ita kaɗai. Na biyar, idan an zaci mugun ya mutu, sai ya sake miƙewa. Fim ɗin Halloween na 1978, wanda John Carpenter ya shirya a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari. Kuma shi Carpenter a makarantar koyon fim ta wata jami'a a Kalifoniya ya fara, inda aikinsa na ɗalibta ya zama fim ɗinsa na farko, Dark Star, a 1974. Fuskar roba da mugun Halloween ya sa, a kanti aka saye ta da 'yan kuɗi kaɗan aka shafa mata farin fenti, kiɗan kuwa Carpenter da kansa ya tsara shi.

Malamanmu na Hausa za su ce ai wannan ba baƙon abu ba ne. Gaskiya ne. A tatsuniya ma akan ce wa yarinya kada ta je rafi da almuru, ta ƙi ji, ta haɗu da Dodo. Amfanin ƙa'ida shi ne tana sa mai kallo ya riga ɗan wasa sanin cewa akwai hatsari. Wannan jira da zuciya ke yi, shi ne tsoron.

Bari in kawo misalin ɗalibin da ya bi ƙa'ida ya ci riba. Sam Raimi ya yi karatu a Jami'ar Jihar Mishigan. A 1978, bai ma kai shekara 20 ba, shi da abokansa suka ɗauki wani gajeren fim mai suna Within the Woods da ƙaramar kyamara, a kan kuɗi kimanin dala 1,600. Sun riƙa nuna shi ga masu hannu da shuni har suka tara abin da suka shirya The Evil Dead, wanda ya fito a 1981. Labarin bai kauce wa tsari ba: matasa biyar, bukka a daji, wani tsohon littafi da bai kamata a taɓa ba. Amma a wurare biyu Raimi ya bi tasa hanya. Wanda ya rage a ƙarshe namiji ne, ba yarinya ba. Sannan da yake ba su da kuɗin sayen na'urar da ke tafiya da kyamara, sai suka ɗaure ta a kan katako, mutum biyu suka riƙe suna gudu da ita cikin itatuwa. Mai kallo sai ya ji kamar shi ne mugun abin da ke bin mutane a guje. Rashin kuɗi ne ya haifar da wannan dabara, kuma ita ce mutane suka fi tunawa.

Misali na biyu ya fi wannan ƙarfin hali. Daniel Myrick da Eduardo Sanchez sun haɗu suna ɗalibai a makarantar fim ta wata jami'a a Filorida, kuma tun a can suka fara tunanin The Blair Witch Project, wanda ya fito a 1999. An ɗauke shi cikin kwana 8 a wani daji na jihar Maryland. Labarin ɗalibai uku ne da suka shiga daji neman labarin wata mayya suka ɓata. 'Yan wasan ne ke riƙe da kyamara da kansu. Al'adar da aka saba ita ce, komai daɗewa a ƙarshe a nuna dodon. Su kuwa har fim ya ƙare ba su nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Sai tarin duwatsu a bakin tanti, da itatuwa da aka ɗaure aka rataye, da muryoyi cikin dare. Fim ɗin ya samo kusan dala miliyan 250 a duniya. Amma ku lura: sun bar keɓewa, sun bar gargaɗin mutanen gari, sun bar ɓacewar mutum ɗaya kafin saura. Ƙa'ida ɗaya suka karya, suka riƙe sauran gam.

Haka ma manya suka yi. A Psycho na 1960, Alfred Hitchcock ya kashe jarumar da kowa ya zaci ita ce mai labarin tun fim bai kai rabi ba. Abin ya girgiza mutane ne saboda sun saba jaruma ba ta mutuwa da wuri. Inda babu sabo, babu mamaki.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage kam, ji ne ke korar gani. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san labarin Madam Koi Koi, matar da ake cewa ana jin ƙarar takalminta a baranda cikin dare. Wa ya taɓa ganin ta? Babu. Amma ƙato kan ƙudundune cikin bargo har asuba. Da za a kawo mana ita ido da ido, da hoda a fuska da jan kwalli, da dariya za mu yi. Nan ne yawancin finafinan ɗalibai ke faɗuwa: a zuba jan ruwa a riga, a sa wani ya zare ido yana ihu, masu kallo su fashe da dariya.

Saboda haka ga shawarata ga ƙannenmu. Ku zauna ku rubuta ƙa'idojin nan a kan allo, ku tambayi kanku aikin da kowace take yi. Ku zaɓi guda ɗaya tak da za ku karya, ku kuma iya faɗin dalili. Ku kula da sauti fiye da hoto, domin ƙarar ƙyaure da iskar hunturu da shirun da ke biyo baya sun fi kwalbar jini goma. Kada ku raina gajeren fim: David Sandberg na ƙasar Suwidin ya yi Lights Out a 2013 a cikin gidansa, da matarsa a matsayin 'yar wasa, bai kai minti 3 ba, kuma babu abin da ya dogara a kai sai kunna fitila da kashe ta. A 2016 aka mai da shi cikakken fim. Wayar da ke aljihun yaranmu yau ta ishe su yin irin wannan.

Ga iyayenmu malamai kuwa, ina ganin wannan hanya ta amsa damuwarku. Fim ɗin da ke ɓoye abin tsoro ba ya buƙatar tsiraici, ba ya buƙatar yanka, ba ya buƙatar ɗaukaka tsafi. Abin da yake buƙata shi ne rubutu mai tsari, da haƙuri, da aiki tare, da kiyaye lokaci, watau abubuwan da kuka sha wahalar cusa mana. Ina roƙon a sa malami guda ya duba labarin kafin a fara ɗauka, kuma kada a fitar da yaro ko ɗaya wajen harabar makaranta da dare.

A kan waɗannan sharuɗɗa, ina goyon bayan mu ba su gudummawar da suka nema, mu kuma nemi su nuna mana abin da suka yi a taronmu na baɗi. Da rarrafe yaro kan tashi.