Hanji da Ƙwaƙwalwa: Abin da Kimiyya ta Gano Game da Gigin Tsufa



A ƙasar Hausa, idan dattijo ya fara mance sunayen jikokinsa, ko hannunsa ya kama karkarwa, sai a ce tsufa ne. Amma masana sun gano cewa ciki ma yana da hannu a wannan al'amari.

Hanjin ɗan Adam yana ɗauke da ƙananan halittu wajen tiriliyan 38, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke narkar da harzar abinci, su mai da ita wasu sinadarai masu ƙarfafa bangon hanji. To, yayin da shekaru suka ja, ire-irensu sukan ragu, bangon ya yi rauni, guba ta tsiyaya cikin jini, ta ta da kumburi mai cin jiki a hankali, har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta haɗa hanji da ƙwaƙwalwa kai tsaye. A 2003 Bajamushe Heiko Braak ya kawo ra'ayin cewa ciwon karkarwa na Parkinson yana iya somawa daga hanji, ya bi wannan jijiya ya hau. Lalle kuwa, masu ciwon da yawa sukan yi shekaru suna fama da taurin bayan gida kafin karkarwa ta bayyana.

A nan ne abincin karkara ya shigo. Wani bincike na 2010 ya kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa, da yaran birnin Florence na Italiya, aka tarar na ƙauyen sun fi yawan ire-iren halittun nan masu amfani. Irin wannan cima ce ake ci a ƙauyukan da ke kewaye da dajin Falgore, a Tudun Wada da Doguwa: tuwon dawa da miyar kuka, daddawa, wake, zogale, da fura da nonon Fulani.

Wannan cima ba magani ba ce ga ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace. Wanda ya ruɗe, asibiti ya kamata a kai shi. Amma ma'aikacin da ya musanya ta da farin burodi da lemon kwalba, yana kuma shan kafso ba da iznin likita ba, yana yi wa halittun cikinsa ɓarna tun da sauran ƙuruciya.

Allah Ya sa a tsufa da hankali, amin.